Wace tattaunawar masana kan ƙanjamau ce ya kamata in riƙa shiga?

Ƙanwarku daga Zariya: Assalamu alaikum manyana. Shekarata biyu ina bin mata masu juna biyu da gwaji ya nuna suna ɗauke da ƙwayar cutar. In mace ta daina zuwa awo, har gida nake bin ta. Kusan kowane mako sai an turo min gayyatar taron intanet na masana da masu ba da tallafi, ga data ta yi tsada. Wanne zan riƙe?

Malam Mai Gwaji: Wa alaikumus salam. In asibitinku na cikin Project ECHO, fara da shi. Jami'ar New Mexico ta Amurka ce ta kafa shi a 2003 kan ciwon hanta, daga baya aka shigo da ƙanjamau. Ma'aikaci zai kawo matsalar majinyacinsa ba tare da ambaton suna ba, likitoci su yi ta juya ta a Zoom har a tsaya a magana ɗaya. Ki kashe bidiyo ki bar murya, datarki za ta yi auki.

Hajiya Babba: Malam, wannan na jinya ne, ita kuwa masu kuɗi take son su ji ta. 'Yata, asusun Global Fund mai tallafa wa yaƙi da ƙanjamau, da aka kafa a 2002, yana Janiba ta ƙasar Suwizalan, ba shi da ofis a ƙasashen da yake tallafa wa. Kowace ƙasa tana da kwamitin da ake kira CCM, shi ke rubuta buƙatar kuɗi, kuma dole a samu wakilan masu ɗauke da cutar a ciki. Kafin a rubuta ana zaman jin ra'ayi. Wannan zaman ki nema, ta hannun NEPWHAN, ƙungiyar masu ɗauke da cutar a Najeriya, ko hukumar yaƙi da cutar ta jiharku.

Sannan kada ki shiga hannu rabbana. Na taɓa samun dama a wani taro, na ƙare lokacina ina cewa matanmu na shan wahala. Kowa ya tausaya, aka wuce. Abin ya tsaya min a rai. Kafin in koma karo na biyu sai na zauna da rajistar awo dare biyu, na ware waɗanda suka daina karɓar magani: wannan kuɗin mota, wannan tsoron miji, wannan an mayar da ita ƙauye wankan jego. Ranar har tambayoyi aka yi min, aka ce in turo a rubuce.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: Hajiya ta gama magana. Mu da muke aiki da Faransanci, babban taron ƙanjamau na ICASA ya fi mana, don na Afirka ne kuma da harsuna biyu ake yi. Duk shekara biyu ne, an taɓa yin sa a Abuja a 2005. Akwai kuma mujallar intanet ta Global Fund Observer na ƙungiyar Aidspan da ke Nairobi, kyauta ne, yana bin diddigin inda kuɗin asusun ke tafiya. Ki lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Janiba na gabanmu da awa ɗaya.

Anti Nas: Ni zaman IAS, ƙungiyar masana ƙanjamau ta duniya, nake saurare. A irin sa na fahimci allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2025 don rigakafi. A WhatsApp kuwa ana ta yaɗa cewa an samu waraka, har wata majinyaciyata ta zo tana tambaya ko ta ajiye ƙwayoyinta. Na zaunar da ita na yi mata bayani, Allah ya sa ta ji. Don Allah ƙanwata, kada hoton kati ko sunan unguwar mace ya fita daga wayarki, ko da waye ya nema.

Malam Mai Gwaji: Ki sa kunne ga maganar kuɗin cikin gida ma. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025 abin ya taɓa PEPFAR, shirinta na yaƙi da ƙanjamau, kusan duk zaman da na shiga sai an tayar da ita.

Ƙanwarku daga Zariya: Allah ya saka da alheri. Gobe zan tambayi shugabarmu batun ECHO, rajistar kuma yau da dare zan fara. Hajiya, in na gama warewa zan iya turo miki ki duba min kafin in kai?

Hajiya Babba: Turo, 'yata. Ki cire sunaye tukuna.