Neman kalma: me za mu kira "dipfek" kafin shirin gobe?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da daddare ina da shiri a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini. Labarin kasuwannin intanet ne irin su Etsy, inda a ƙarshen 2023 mujallar Forbes ta gano ana sayar da hotunan tsiraici na fitattun mata 'yan fim, alhali ba su taɓa tsayawa an ɗauke su haka ba. Fuskar mace ake bai wa kwamfuta ta ɗora a kan wani jiki. Turawa na ce masa dipfek. In na faɗa haka, manoman garinmu za su ɗauka sabon maganin feshi ne. A taimaka.

Malamar Gwaram: Wa alaikumus salam. Hoton bogi mana, kowa ya san shi.

Ɗan Ringim: Anti, bogi ya yi faɗi. Hoton buhunan taki da ɗan siyasa bai raba ba ma na bogi ne.

Mai Shayin Gumel: Hoton ƙazafi. An jingina wa mace alfashar da ba ta yi ba, me ya rage?

Alaramman Kazaure: A'a ɗana, a bi a hankali. Ƙazafi kalmar hukunci ce, bulala 80 ke bayanta kamar yadda ya zo a Suratun Nur, kuma alƙali ke tabbatar da ita. Ɗan jarida ya ce ƙage, ya bar wa kotu nata.

Tsohon Hedimasta: Duk kun kauce. Tun bara na ƙera kalmar nan: zurfafan-jabu. Ta ɗauko ma'anar asalin daidai, gaɓa da gaɓa. Bogi kuwa ba ma Hausa ba ce.

Mai Shayin Gumel: Ranka ya daɗe, zurfafan-jabu ai sai a zaci rijiya aka haƙa ba ruwa.

Tsohon Hedimasta: Ka ji matsalar. Yaran da ba su zauna ajin nahawu ba su ke yanke wa harshe hukunci.

Malamar Gwaram: Baba, da girmanka, shi "hoto" ɗin daga ina ya zo? Rediyon da za a yi shirin fa? Ƙazafi ma Larabci ne. In za mu kori baƙi, shirin gobe da bebanci za a yi shi.

Tsohon Hedimasta: Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida. Abin da na ƙi shi ne mu zauna sai gidajen rediyon waje ko mutanen birnin Kano sun yanka mana kalma mu haɗiye. Da suka ce ƙirƙirarriyar basira wa suka shawarta?

Bakanon Bichi: To me ya kawo Kano ciki kuma? Kafin 1991 ai da mu da ku jiha ɗaya ce, Baba.

Mai Shayin Gumel: Shi ya sa muka gudu.

Ɗan Ringim: Don Allah a dawo kan hanya, rubutun nan yau zan miƙa shi. Ga inda nauyin yake. Kasuwar na iya cewa ita rumfa kawai ta bayar, ba ita ta haɗa hoton ba, kuma wata dokar Amurka ta 1996 ta daɗe tana kare shafuka daga laifin abin da mutane suka ɗora. Amma Etsy na karɓar santi 20 na dalar Amurka kan kowace haja da aka baje, da kashi 6.5 cikin ɗari in an saya. A Mayun 2025 Trump ya sa hannu a dokar da ta ce in wadda aka zalunta ta kai ƙorafi, a sauke hoton cikin awa 48.

Alaramman Kazaure: Wannan ba ya buƙatar sabuwar kalma. Dillali a Maigatari in ya ci la'ada a kan saniyar sata, ba ya cewa shi igiya kawai ya riƙe. Ka faɗa musu haka, za su gane.

Malamar Gwaram: Amma ƙanena, dokar nan ta haɗa har da hoton gaske da aka yaɗa ba da yardar mai shi ba. Ƙage bai rufe wannan ba. Kuma mace ce za ta yi ta bin shafuka tana roƙo a sauke? Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift da duk ƙarfinta, da aka yaɗa hotunanta na ƙage a Janairun 2024 sai da shafin X ya toshe neman sunanta na ɗan lokaci. Ina ga yarinyar ƙauye?

Ɗan Ringim: Gaskiya ne Anti. Zan ce "hoton tsiraici na ƙage" ga wanda kwamfuta ta haɗa. Na biyun sai dai na yi masa doguwar jimla, tunda ba wanda ya kawo kalma.

Bakanon Bichi: Tonon silili?

Malamar Gwaram: A'a, wannan kamar ita ce mai laifin da aka tona.

Tsohon Hedimasta: Ƙage Hausa ce, ba zan musa ba. Amma kalma huɗu ba suna ba ne, bayani ne. Ka ambaci tawa ko sau ɗaya a shirin, mu ji me masu kira za su ce.

Ɗan Ringim: In lokaci ya rage, Baba.