Tarin fuka ya dawo wa ƙanena, me za mu yi?

Maman Khalifa, Argungu:
Assalamu alaikum. Ƙanena masunci ne. An ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6, da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya ajiye ya koma kogi. Yanzu tarin ya dawo, majina har da jini, da dare gumi sharkaf. Sauran ƙwayoyin suna nan cikin leda. Ya ci gaba da sha?

Ɗan Jega:
Wa alaikumus salam. A'a Hajiya, kada ya taɓa su tukuna. Ku kai shi asibitin gwamnati a gwada majinarsa da na'urar GeneXpert, ita ke nuna ko cutar ta daina jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Gwaji da magani duk kyauta ne.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:
Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Ko cutar ta bijire, akwai wani magani. A da sai an yi wata 18 ko fiye, ga allurai masu kurumtar da wasu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ake kira BPaLM, ƙwayoyi zalla, wata 6, amma ba tsallake ko kwana ɗaya. Su wa ke kwana ɗakinsa?

Maman Khalifa:
Yarana biyu. Yau zan raba musu ɗaki, gobe da sassafe in haɗa su duka mu tafi.