Manhajar waya tana rage ƙiba, ko lissafi kawai take yi?

Malam: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakata cewa manhajar MyFitnessPal ce ta rage mini tumbi, domin tun da na fara rubuta duk abin da na ci a cikinta na sauke kilo 6 cikin wata 4. Ita ta nuna mini cewa babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120, alhali kullum da safe masata ninƙaya take yi cikin mai.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ƙara lafiya, Malam, amma shaidar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba. A 2014 an gwada wannan manhajar a kan masu ƙiba 212 a Los Angeles ta Amurka, kuma bayan wata 6 ba a ga bambancin kirki tsakanin waɗanda aka ba su ita da waɗanda ba a ba su ba, tun da yawancinsu sun yi watsi da ita bayan watan farko.

Hajiya: 'Yata, ni tawa damuwar daban ce. Wadda jikata ta saka mini tambayata take yi giram nawa na fura na sha, ni da nake sha da ludayi a ƙwarya. Tuwon shinkafa kuwa akushi ɗaya muke sa hannu da jikoki uku, to wa zai ƙirga mini loma?

Malam: Hajiya, ko ba a auna tuwo ba, ai wayar tana ƙirga taku, kuma 10,000 ake so a yini.

Ma'aikaciyar jinya: Wannan adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali, a Japan, a 1965. Sannan binciken Jami'ar Pittsburgh na 2016 ya nuna cewa cikin shekara 2 masu ɗaura na'urar auna motsin jiki a hannu sun sauke kilo 3.5, waɗanda ba su ɗaura ba suka sauke 5.9. A ganina, Malam, barin masar nan ne ya yi maka aiki.

Malam: To wa ya sa na bar ta, in ba manhajar ba? Gobe bayan Asuba ina filin Giginya, kafin ranar Afrilu ta buɗe.

Hajiya: In ka dawo, ka zo ka auna mini furar.