Jirgi ne ke zaɓar wa mutum hanya, ko aljihunsa?

Ɗalibi a Dakar: Assalamu alaikum. Jiya kun yi mini ca, amma ina nan kan bakana: duk garin da aka shimfiɗa wa layin dogo, mutane barin tsohuwar hanyarsu suke su bi jirgi. Da idona na gani. Tun da jirgin ƙasa na TER ya fara aiki ƙarshen 2021, kilomita 36 daga Dakar zuwa Diamniadio, mutanen Rufisque da Thiaroye da ke tsufa cikin cunkoso sun huta. Maƙwabcina har masallacin asuba ya sauya, don wancan ya fi kusa da tasha.

Mai kabu-kabu a Sabon Garin Damagaram: Ƙanena, jirgin naku yana shiga lungu? Tsohuwa ta fito daga Birni da kwandon kayan miya za ta Kasuwar Dole, wa zai ɗauke ta a ƙofar gida? Ni ne dai.

Malamin makaranta a Zango: Ɗalibi, abin da ka gani gaskiya ne, hukuncin da ka yanke ne ya yi faɗi. Dakar gari ne da teku ya matse, kusan kowa ta ƙofa ɗaya yake shiga da safe ya fita da yamma. Aka ɗora jirgin kan wannan ƙofar, dole ya cika. Dubi Abuja. An buɗe nasu a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 ya dawo. Ya bi ta Idu, ya je Kubwa da filin jirgin sama, alhali taron ma'aikatan da ke kwararowa daga Nyanya da Mararraba layin bai san da zamansu ba. Su har gobe motar haya suke hawa. Mutum ba gudun jirgi kaɗai yake lissafawa ba. Yana lissafa kuɗin kabu-kabu daga gida zuwa tasha, da jiran da zai yi, da wani kuɗin idan ya sauka. In jimillar ta fi ta da, ko jirgin na zinariya ne ba zai hau ba.

Ɗalibi a Dakar: Malam, dala ɗari ne fa, wato sefa 500, daga Dakar zuwa Thiaroye.

Malamin makaranta a Zango: Ga wanda tasha ke bayan gidansa. Na nesa fa?

Dattijo mai ritaya: 'Ya'yana, ku bar zancen ƙasashen mutane. Mu ma an yi mana layi daga Yamai zuwa Dosso, aka yi biki a 2016, muka gani a talabijin. Wa ya taɓa sayen tikiti a cikinku? Ku ba ni labari.

Hajiya mai atamfa: Baba, Allah ya ƙara girma, ni kam wanda ya dame ni shi ne na Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021. Wai yaran shagona murna suke za mu riƙa zuwa Maraɗi mu hau. Ina dalili? Tafiyar Maraɗi daga nan Damagaram kusan daidai take da ta Kano ɗin kanta, in je yamma don in dawo gabas? Abin da na lura shi ne layin zai ratsa Daura da Kazaure, kuma Daura kan hanyarmu take in ka bi ta Matamaye ka ƙetare Ɗan Barto. Nan ne zan yi tunani.

Ɗalibi a Dakar: Kin gani ko, Hajiya? Ba a ma gama ba kin fara sake hanya!

Hajiya mai atamfa: A'a ɗana, ban ce zan hau ba. Tafiya, hannu rabbana, ƙila in gwada. Dawowa da dila huɗu daga Kantin Kwari kuwa? A loda a Kano, a sauke a tasha, a loda a jirgi, a sauke a Daura, a sake neman mota, kowane saukewa da kuɗin 'yan dako, ga 'yan duwan, wato kwastan, na jira a gaba. Direban da na saba da shi tun daga bakin kasuwa yake ɗaure mini kaya, sai ƙofar shago.

Mai kabu-kabu a Sabon Gari: To a kawo jirgin ma, mu ba mu ƙi ba. A faɗa mana dai inda za a sa tashar, tun yanzu in je in kama wuri a bakin ƙofa.