Ƙanwata 'yar fim tana so a sayar da filin gado ta kama shago

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum. Ƙanwata ce ciki ɗaya, ta fara fitowa a fim tun tana aji biyu na firamare. Bayan rasuwar Baba kawunmu ya riƙa kai ta Kano duk hutu, ita ake sawa marainiyar da kishiyar uwa ke gana wa azaba, don ta iya kuka. Mama ba ta so ba, amma lokacin ko kuɗin makaranta sai an kai ruwa rana. Ni nake mata kitso daren tafiya tana gyangyaɗi a cinyata. Yanzu shekararta 20, kiran fim ya ja baya, ta ajiye karatun poli, tana sayar da turaren wuta da humra da man gyaran jiki a Instagram. Ba laifi ana saya, har Gombe da Jos take aikawa a mota. To ta kafe sai shago a Wunti, cikin garin Bauchi, wai a sayar da filin da Baba ya bar mana a Yelwa. Na riga na ba ta kwasata ta adashe. Mama ta ce ni ce babba, in yanke. Barci ya ƙaurace mini.

Hajiya Maman Amira: 'Yata, kar ki soma. Na daɗe ina saro kaya a Kantin Kwari, masu kallon hoto daban, masu zaro kuɗi daban. Haya da kuɗin mota za su cinye jarin kafin shekara ta zagayo. Ki nema mata miji.

Ummu Khalil: Tsaya tukuna, ina kuɗin fim ɗin da ta yi shekara da shekaru?

Mai tambaya: Wannan maganar gida ce, Kawu ya yi mana ƙoƙari. Kuma ba aure na tambaya ba, Hajiya.

Baban Sadiq: Malama, ba ki faɗi ku nawa ba ne. Fili na magada ne, ke kaɗai ba ki da ikon yankewa. A kira malami a raba, Mama ta ɗauki tumuninta, yarinya ta yi yadda ta so da kasonta.

Zee Turare: Ku bar yarinya ta nemi halalinta! Maryam Booth ma tun tana ƙarama ta fara fim, ga shi ta buɗe wurin kwalliya. Sai dai man shafawar nan, in babu lambar NAFDAC ta cire shi, a shago ba a ɓoye kaya kamar a waya. Sannan ta je ta yi wa sunan kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Hajiya Maman Amira: Ita wancan mahaifiyarta ma 'yar fim ce, a ciki ta tashi. Wannan wa ta sani? Da idona na ga yarinya ta cika shago da kwalaben humra, wata shida ta koma sayar da ruwan leda.

Anty Larai: Ni yayan mijina ya sayar mana da gona wai zai sayi tirela. Yau babu gonar, babu tirelar, ko gaisuwa ba ma yi. Allah ya isa.

Mai tambaya: Ƙanwata ba haka take ba. Ta rubuta komai a littafi, har kuɗin leda. Ita ta ci da gidanmu tun ba ta san kanta ba, yanzu in hana ta?

Ummu Khalil: To ashe kin gama yankewa. Maigidanki ya san da maganar adashen?

Hajiya Maman Amira: Na faɗa miki dai. Ki turo ta shagona ta yi wata uku ta ga yadda ake yini babu ciniki.

Zee Turare: Kai Hajiya, yarinyar shago kike nema kyauta?

Mai tambaya: Dillali ya ce gobe zai kawo mai saye ya duba. Dubawa kawai.