Manna da rumbu: shin tanadi rashin dogara ga Allah ne?

Ladi:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ranar Laraba za a yi nazarin Fitowa sura 16 a zumuntar mata, kuma akwai tambayar da na san za ta taso. Musa ya hana Isra'ilawa su bar manna, abincin da Allah ya saukar musu a jeji, ta kwana, waɗanda suka ɓoye kuwa ta yi musu tsutsa ta yi wari. To mai zubin adashi da mai ajiye hatsi a rumbu, su ma rashin bangaskiya suke nunawa? Cikin masu zuwa akwai matan da mazansu suka rasu, da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. Ba na so a faɗi abin da zai ƙara musu nauyi.

Malam Ishaya:
'Yar'uwa Ladi, amsar tana cikin surar, in an bi ta a hankali. Wata guda ke nan da barin Masar, suna jejin Sin tsakanin Elim da Sina'i, guzuri ya ƙare. Aka ce kowa ya fita da safe ya tara omer ɗaya ga kowane kai a alfarwarsa. Omer kashi ɗaya ne cikin goma na efa, wajen lita 2, ki ce kusan mudu. In rana ta yi zafi sai ta narke, don haka mai baccin safe ya kwana da yunwa. Ba kuma dafaffiya take sauka ba. Littafin Ƙidaya 11:8 ya ce niƙa ta ake yi a dutse ko a daka a turmi, a dafa a tukunya, a yi waina. Wato aiki ne na kowace safiya ban da Asabar, shekara 40.

Ajiya iri uku ce a surar nan. Ta waɗanda suka ɓoye bayan an hana, ita ce ta ruɓe. Ta rana ta shida, da aka umarce su su tara omer biyu su toya su dafa saboda Asabar, ta kwana lafiya lau. Sai omer ɗin da Haruna ya zuba a tulu domin jikoki su gani, wanda aka adana tsara bayan tsara. Abinci ɗaya ne, yanayi ɗaya. Abin da ya ruɓar da ta farkon shi ne zargin cewa Allah ba zai dawo gobe ba. Ki lura kuma, waɗanda suka fita nema ran Asabar su ma sun sha faɗa, don sun ƙi yarda cewa abin da ke hannunsu ya isa.

Rumbu kuwa ai Yusufu ya cika shi: kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar, shekara 7 a jere (Farawa 41). Su Isra'ilawan ma suna da garkuna da kuɗi a jejin, har aka ce su sayi abinci da ruwa a hannun zuriyar Isuwa (Maimaitawar Shari'a 2:6). Da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana a Gilgal, washegari manna ta ɗauke. Inda gona take, noma da tanadi su ne biyayya.

Mama Saratu:
Malam ya gama magana a kan rumbu. Ni abin da nake roƙonki, 'yata, kada a bar matan nan su tashi da tunanin cewa kukansu gunaguni ne. Ana yawan yin wannan kuskuren, yana kuma rufe bakin mai ciwo.

Ki buɗe Ƙidaya 11, kuka iri biyu ne a ciki. Jama'a suna kuka a ƙofar alfarwansu, suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, wai kyauta suke ci. Sun manta da tubalin da aka sa su yi ba a ba su ciyawa ba. Shi kuma Musa maganarsa ta fi tasu zafi: ya ce ba zai iya ɗaukar mutanen nan shi kaɗai ba, in haka ne gara a kashe shi. Amma ga Allah ya kai ƙararsa kai tsaye, ya kuma faɗi gaskiyar nauyin ba ƙari. Aka ba shi dattawa 70 su taya shi ɗauka. Jama'a sun sami naman da suka nema, wato makware, annoba ta biyo baya, aka sa wa wurin suna Kibrot-hata'awa, kaburburan kwaɗayi.

Haka a Mara. Kwana 3 ba ruwa, suka iske mai ɗaci. Ƙishirwar gaskiya ce, babu uwar da za ta ga ɗanta da busasshen leɓe ta yi shiru. Musa ya yi kuka ga Ubangiji, aka nuna masa itace ya jefa, ruwan ya shawu. Zango na gaba Elim ne, maɓuɓɓuga 12 da dabino 70.

Ladi:
Na gode Malam, na gode Mama. In wata ta ce ai shekara 40 ɗin hukunci ne, to nata wahalar ma hukunci ce fa?

Dattijo Bulus:
A raba tafiyar biyu, Ladi. Zagayen farko ba laifin kowa ba ne. Fitowa 13:17 ta ce Allah bai bi da su ta hanyar Filistiyawa ba ko da yake ita ce kusa, don kada su ga yaƙi su koma Masar. Mara da Sin da Refidim duk kafin hukunci ne.

Hukuncin ya zo a Kadesh-barneya, tafiyar kwana 11 kacal daga Horeb, wato Dutsen Sina'i. 'Yan leƙen asiri 12 suka yi kwana 40 a ƙasar Kan'ana, suka dawo da nonon inabin da sai mutum biyu suka rataya a sanda. Goma suka ce mu kamar fara muke a gaban mutanen ƙasar, jama'a har suka fara shawarar naɗa wanda zai mai da su Masar. Aka yanke shekara guda a kan kowace rana. Ki karanta musu har ƙarshen Ƙidaya sura 14, domin mutane sukan tsaya a tsakiya: da sassafe sai suka ce yanzu za su hau su ci ƙasar, ihu bayan hari. Musa ya hana, akwatin alkawari bai bar zango ba, suka tafi da ƙarfin kansu, Amalekawa da Kan'aniyawa suka fatattake su har Horma. Jiya tsoro, yau ganganci, kuma duka biyun ƙin jin magana ne.

Ga wadda ta yi miki tambayar, ki nuna mata Kalibu da Joshuwa, sauran biyun cikin 'yan leƙen asirin. Ba su yi laifin ba, amma sun taka jejin nan tare da kowa, haka yaran da ba su kai shekara 20 ba. Mannar ba ta fasa sauka ba ko a shekarun hukuncin, tufafi ba su tsufa ba, ƙafa ba ta kumbura ba (Maimaitawar Shari'a 8:4). Kalibu yana da shekara 40 aka aike shi leƙen asiri, yana da 85 ya tsaya gaban Joshuwa ya nemi Hebron, aka ba shi.