Izinin aikina a Kanada zai ƙare kafin takardar zama na dindindin ta fito

Assalamu alaikum. Ina aiki a Kanada, kuma na nemi zama na dindindin ta tsarin Express Entry (tsarin da Kanada ke bi wajen karɓar ƙwararrun ma'aikata). An amince da buƙatata, na tura hoto da adireshi, saura takardar tabbatarwa ta ƙarshe, amma izinin aikina zai ƙare a ƙarshen wata mai zuwa, kuma ma'aikatarmu ta ce ba za ta riƙe ni ba sai da hujja a rubuce.

Na fahimci cewa wanda ya nemi sabuntawa kafin wa'adinsa ya cika yana iya ci gaba da aiki muddin bai fita ƙasar ba. Shin ya kamata in biya dalar Kanada 255 na izinin aiki na wucin gadi da ake bai wa masu jiran zama na dindindin, ko in jira? Wace takarda zan nuna wa ma'aikatar?